JIRGIN DA YA NUTSE A ƘOFAR GIDA

Yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ba kuma na kishiya ko na uwar miji ba. Na san wata za ta buɗe shafin nan ta ga ana maganar jirgin ruwan yaƙi da igwa, ta ce to mu ina ruwanmu, mu da ko kwale-kwale ba mu taɓa shiga ba? Ki yi haƙuri 'yar uwa, ki gyara zama. Ni ma da na fara cin karo da labarin haka na ce, amma da na kai ƙarshensa sai da na kwana biyu ina juya shi a raina. Akwai mata a cikin jirgin nan ranar da ya nutse, har da yara ƙanana, kuma mace ce ta gaji kwangilar gina shi bayan mijinta ya rasu.

Ƙasar da abin ya faru ita ce Suwidin, can arewacin Turai inda sanyi kan daskarar da ruwan teku har mutum ya taka shi da ƙafa. Shekarar kuwa 1628 ce, yau ana neman shekara 400 ke nan. Sarkinsu na lokacin sunansa Gustaf Adolf. Ya hau gadon mulki a 1611 bai ma cika shekara 17 ba, kuma tun daga nan har ranar da aka kashe shi a fagen fama a 1632 kusan kullum cikin yaƙi yake. Babban abokin gabarsa a shekarun da muke magana a kai shi ne Sigismund, sarkin Folan, wanda kuma ɗan wan mahaifinsa ne. Shi Sigismund ɗin nan da can shi ne sarkin Suwidin ɗin ma, mahaifin Gustaf ne ya ture shi a 1599. Kin ga ke nan faɗan gado ne na cikin gida, irin wanda ba ya ƙarewa da daɗi. Tsakanin ƙasashen biyu akwai teku mai suna Baltik. Soja, doki, abinci, albarushi, kuɗin albashi, komai sai an ɗora shi a jirgi an haye da shi. Saboda haka sarkin da ba shi da jiragen yaƙi masu ƙarfi, ko da sojansa sun fi na kowa jarunta, yunwa ce za ta gama da su a ƙasar mutane.

A watan Janairu na 1625 gwamnati ta ba da kwangilar gina jirage 4, manya 2 ƙanana 2. Waɗanda suka sa hannu mutum biyu ne 'yan ƙasar Holan, domin a zamanin nan mutanen Holan su ne gwanayen sassaƙa jirgi a Turai. Ɗaya shi ne Henrik Hybertsson, babban magini, wanda ya daɗe yana wannan sana'a a Suwidin. Ɗayan kuma Arendt de Groote, ɗan kasuwa, shi ne mai yawon sayo kaya. An rubuta cewa ƙashin bayan manyan jiragen, wato dogon katakon da ake fara shimfiɗawa a ƙasa sannan a ɗora sauran jirgin a kansa, zai kai kimanin ƙafa 135, na ƙananan kuma ƙafa 108. Aka shiga daji saran itace. Babban jirgi ɗaya yana cin manyan itatuwa sama da 1,000, kuma ba kowane itace ba, sai an zaɓo wanda lanƙwasarsa ta dace da gurbin da za a sa shi.

Ana cikin wannan shiri sai ga tsautsayi. A watan Satumba na wannan shekara guguwa ta rutsa da jiragen sarki a kusa da Riga, jirage 10 suka halaka a tashi ɗaya. Hankalin sarki ya tashi, ya rubuto takarda a ƙarshen Nuwamba cewa yana so a gaggauta yi masa jirage 2 matsakaita, masu ƙashin baya ƙafa 120, ba babban ba, ba ƙaramin ba. To fa. Duk wadda ta taɓa kai wa tela atamfa, ya auna ta, ya sa almakashi ya yanka, sannan washegari ta dawo ta ce ta ga wani ɗinki a gidan biki shi take so, ta san irin kallon da tela zai yi mata. Ni kaina na taɓa yi, kuma rigar da ta fito ba ta zama ɗinkin farko ba, ba ta zama na biyu ba, har yau tana ƙasan akwati. Henrik dai ya yi ta maza, ya mayar da amsa cewa katakon da ke hannunsa an riga an yanka shi daidai babban jirgi 1 da ƙarami 1, babu na matsakaici. Wajen ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris na 1626 ya shimfiɗa ƙashin bayan babban jirgin a Sitokholm, babban birnin ƙasar, jirgin da aka raɗa wa suna Vasa, sunan gidan sarautar. Ki riƙe wannan amsa ta Henrik a ranki, domin a sauran labarin nan ba za ki sake jin wani ya ce wa sarki ba zai yiwu ba.

Yanzu bari in tsaya in nuna miki inda gizo yake saƙar. Jirgin yaƙi ba abu ɗaya ba ne da za a je kasuwa a taya a biya a ɗauko. Abubuwa ne da yawa, kowanne a hannun mutum daban, kuma kowanne ya dogara da ɗan uwansa. Gangar jikin jirgin tana hannun Henrik da kafintocinsa. Igwogin da za a ɗora masa suna hannun maƙeran gwamnati a cikin gari, a ƙarƙashin wani mutumin Suwizalan mai suna Medardus Gessus, su ne masu narka tagulla su zuba. Ramar igiyoyi daga Riga ake kawo ta, wani katakon ma daga waje de Groote yake sayo shi. Sojan ruwa kuma su ne za su karɓi jirgin, su zuba masa duwatsu a gindi don su danne shi, su tuƙa shi. Sarki, wanda shi ne mai kuɗi kuma shi ne mai cewa a yi ko a bari, yawancin lokaci yana ƙetaren teku a bakin daga, sai dai takarda ta zo takarda ta koma. To nauyin igwa shi zai gaya wa kafinta kaurin katakon da zai sa a ƙarƙashinta. Kaurin katakon shi zai faɗi nauyin saman jirgi. Nauyin saman kuma shi zai faɗi irin faɗin da cikin jirgin yake buƙata, da yawan duwatsun da za a zuba. In kika taɓa ɗaya duk sauran sun motsa, ko kin sani ko ba ki sani ba.

Kuma igwogin nan su aka yi ta taɓawa. Sarki Gustaf mutum ne mai son igwa ƙwarai da gaske. A da can in jirage sun haɗu matsowa suke yi a yi tsalle cikin na abokan gaba da takobi, shi kuwa yana son jirgin da zai yi ruwan wuta tun daga nesa, kuma a nan kam ya hango daidai, domin haka yaƙin teku ya koma daga baya. A watan Agusta na 1626, wata 5 da fara aiki, ya ba da umarni a zuba wa jirgin manyan igwogi 72, kowace tana harba dunƙulen ƙarfe mai nauyin laba 24, wato kimanin kilo 10. Ita igwar kanta nauyinta ya haura tan 1. Lissafin makaman nan ya yi ta sauyawa ana cikin gini, yau a ce manya a hawan ƙasa, masu laba 12 a hawan sama, gobe a ce a'a, manya sama da ƙasa. Har yau in aka duba jirgin za a ga tagogin igwa na hawan sama ƙanana ne, daidai masu laba 12 aka yanka su, amma da aka tashi lodi manyan aka tura ciki.

Akwai wani labari da ya yaɗu, ana ba da shi har a azuzuwan masu koyon tafiyar da manyan ayyuka, wai jirgi mai hawa ɗaya aka fara ginawa, sai sarki ya zo tsakar aiki ya ce a ƙara masa tsawo a ɗora hawa na biyu. Labarin yana da daɗin faɗa, ni ma da a littafina ne da haka zan tsara shi, ga mugun sarki ga talaka kafinta. Amma masanan da suka shafe shekaru suna auna katakon jirgin ɗaya bayan ɗaya ba su ga alamar an yi masa irin wannan ƙari ba. Abin da ya faru ya fi haka ɓoyuwa, shi ya sa ma ya fi ba ni tsoro.

Igwogin duka in an haɗa nauyinsu bai wuce tan 60 da 'yan kai ba, a jirgin da nauyinsa ya kai tan 1,200. Wannan shi kaɗai bai isa ya kayar da jirgi ba. Matsalar ita ce masu ginin ba su saba da jirgi mai hawa biyu na manyan igwogi ba, ga shi kuma lissafin abin da za a ɗora masa ya ƙi zama wuri ɗaya. Mutumin da bai san irin kayan da za a aza masa ba, ai gammo mai kauri zai naɗa. Suka zuba katakai masu kaurin da ya wuce kima a sama, suka ɗaga rufin kowane hawa, saman jirgin ya yi tsawo ya yi nauyi, alhali cikinsa da ke cikin ruwa siriri ne kuma ba zurfi. Kin taɓa ganin motar kaya da aka yi wa lodi har kayan suka fi ta tsayi, tana tafe tana rangaji, kowa a gefen titi yana ja da baya? To haka Vasa yake. Maganin irin wannan shi ne a ƙara duwatsu a gindi. An zuba tan 120, wurin ya cika. Ko da ma akwai sauran wuri, ƙarin dutse zai ƙara danna jirgin ne cikin ruwa, tagogin igwa na hawan ƙasa su kusanci bakin ruwan. A rage dutse ya kife, a ƙara dutse ya sha ruwa ta taga. Gaba kura baya sayaki.

Kada kuma ki ce sakarkaru ne. A zamanin nan babu wanda ya san lissafin da ake yi a gane ko jirgi zai tsaya daidai a ruwa tun kafin a gina shi, sai bayan fiye da shekara 100 aka gano wannan ilimi. Ba a ma zana jirgin a takarda. Babban magini yana da 'yan lambobinsa na tsawo da faɗi da zurfi, sauran kuwa yana cikin kansa da idonsa, kamar yadda tsohuwa take zuba gishiri a miya ba tare da ta auna ba. Irin wannan gwaninta tana aiki muddin tukunyar da aka saba da ita ce. Ran da aka ce ta dafa na taron biki a tukunyar da ba ta taɓa gani ba, kuma ana ta canja mata yawan baƙin, to sai a hankali.

Sai kuma ga ciwo ya kama Henrik, mutumin da duk jirgin yake cikin kansa. Tun a 1626 ya miƙa ragamar aikin ga wani ɗan ƙasarsu mai suna Hein Jacobsson, a 1627 kuma rai ya yi halinsa, kusan daidai lokacin da aka tura gangar jirgin cikin ruwa. Jacobsson da ya karɓi aikin jikinsa ya ba shi cewa jirgin ya yi siriri, ya ƙara masa faɗin ƙafa 1 da inci 5. Iyakar abin da zai iya ke nan, domin gini ya riga ya yi nisa. Allah sarki, a nan ne matar Henrik, Margareta Nilsdotter, ta shigo labarin. Tana cikin zafin rashin miji nauyin kwangilar ya faɗo kanta, ga ɗaruruwan ma'aikata masu jiran albashi, ga masu kawo kaya suna bin bashi, ga gwamnatin da yaƙi ya cinye wa kuɗi. Ba ita ta auna jirgin ba, ba ita ta zaɓi igwa ba, amma sunan gidanta ne a jikin takarda. Na daɗe ina tunanin matar nan. Ta rasu a 1630, shekara 2 kacal bayan abin da zan ba ki labarinsa.

Abin da zai ba ki mamaki, duk wannan ƙarancin kuɗi bai hana ado ba. An sassaƙa mutum-mutumi kusan 500 an manna a jikin jirgin, zakuna da jarumai da sarakunan Rum na da, aka shafe su da ja da shuɗi da ruwan zinare, domin duk wanda ya hango shi daga nesa gabansa ya faɗi. Tsawonsa mita 69, daga gindinsa zuwa ƙolin babbar sandarsa kuma ya haura mita 50. Amarya ce sosai, an kashe dukiya a lefe da kayan ɗaki, ba a tsaya tambayar lafiyarta ba. A Nuwamba na 1627 kuma jiragen Folan suka far wa na Suwidin a wani wuri da ake kira Oliwa, aka kama jirgi 1, wani kuma mutanensa suka tarwatsa shi da kansu don kada ya faɗa hannun abokan gaba. Sarki ya ƙara matsa lamba, takardunsa suka yi ta zuwa a kan a fito da Vasa. Maƙera kuwa sun kasa gama igwogin a kan kari, jirgi yana zaune yana jiran makamansa, har dai aka haƙura da 64 a maimakon 72, guda 48 daga cikinsu manya.

To ga wurin da nake so ki nutsu ki karanta. A tsakiyar 1628 jirgin yana ɗaure a ƙasan fadar sarki ana yi masa lodi. Kyaftin ɗinsa, Sofring Hansson, ya daɗe a harkar teku, ya lura jirgin nan yana da rawar jiki. Sai ya gayyato wani babban hafsan sojan ruwa mai suna Klas Fleming ya zo ya gani da idonsa. Aka tara mutum 30 a saman jirgin, aka ce su ruga gefe ɗaya gaba ɗaya, su juyo su ruga ɗaya gefen. Suka yi na farko, jirgi ya karkata. Suka yi na biyu, ya ƙara. A na uku Fleming ya ce su tsaya haka nan, domin ya ga in suka ci gaba jirgin zai kife a nan inda yake ɗaure, babu iska, babu igiyar ruwa. Wani babban ma'aikacin jirgin da yake wurin ya ba da shaida daga baya cewa abin da ya fito daga bakin Fleming shi ne fatan ina ma a ce sarki yana gida. Shi ke nan fa. Masu ginin jirgin ba sa wurin da aka yi gwajin. Ba a ɗage tafiyar ba, aka ci gaba da lodi.

Wallahi a nan ne raina ya fi ɓaci. Duk abin da ya gabata za a iya cewa rashin sani ne, amma daga wannan rana an sani. Mutum 30 sun ji abin a tafin ƙafarsu. Kuma ba wai babu mafita ba, domin a zamanin nan an saba gyara jirgi mai rawar jiki: a sauke wasu igwogin na sama, ko a ƙara masa katako a ciki ya yi faɗi, ko aƙalla a rufe tagogin ƙasa kafin a tashi. Kowanne daga ciki zai ci lokaci ko ya rage wa jirgin kwarjini, ga sarki yana jira. Sai dai kuma in na ajiye fushi na yi adalci, ban san me zan yi ba da ni ce Fleming. Sarki da kansa ya amince da ma'aunin jirgin. Wanda ya ce jirgin ba shi da lafiya kamar ya ce sarki ya yi kuskure ne. Ki duba ki gani, maƙeri ya zuba igwogi masu kyau, kafinta ya bi ma'aunin da aka ba shi, kyaftin ya kai kuka wurin na gaba da shi, hafsa kuma yana bin umarnin sarki. Kowa ya yi nasa aikin. Abin da babu shi ne mutum ɗaya a Sitokholm wanda aikinsa shi ne ya dubi jirgin da igwoginsa da duwatsunsa a haɗe, kuma yana da ikon cewa a dakata.

Ranar Lahadi 10 ga Agusta 1628, da yamma, gari ya yi kyau, iska kaɗan-kaɗan. Jama'a sun yi dafifi a bakin ruwa, har da wakilan ƙasashen waje. An yarda ma'aikatan jirgin su ɗauko matansu da 'ya'yansu su raka su zuwa zangon farko, kafin a ɗebi soja 300 da aka tanadar wa jirgin. Ki kwatanta matan nan a ranki, an ci ado, ana alfahari maigida yana aiki a jirgin da babu kamarsa. Aka ja jirgin da igiya har inda zai samu iska, aka buɗe filafilai 4 daga cikin 10, wato manyan ƙyallayen da iska take bugawa ta tura jirgi. Tagogin igwa duk a buɗe, aka harba ta bankwana. Iska ta ɗan buso daga kan tudu, jirgi ya kwanta ta gefen hagu, ya daure ya miƙe a hankali. Da aka zo daidai wani giɓi a tsakanin tuddai sai iska ta biyu ta buso, wadda ko kusa ba ta kai a kira ta guguwa ba. Ya sake kwantawa, ruwa ya tarar da tagogin ƙasa a buɗe ya kwarara ciki, daga nan bai sake miƙewa ba. Tafiyar gaba ɗaya kimanin mita 1,300 ce. Ya zauna a ƙasan ruwa mai zurfin mita 32, tazarar mita 120 kacal daga gaɓa, ƙolin sandunansa suna waje mutane na maƙale a jiki. Masu ƙananan jirage suka yi ta tsamo waɗanda suka yi tsalle. Kimanin mutum 30 ba su fito ba.

Sai da aka yi fiye da mako 2 kafin labari ya iske sarki a ƙetaren teku. Ya rubuto a fusace cewa sakaci ne da ganganci, a nemo masu laifi a hukunta su. Kafin nan ma an riga an tsare kyaftin Hansson. Ranar 5 ga Satumba aka yi babban zaman bincike a fada. Ko ma'aikata sun sha giya ne? Suka rantse ba su sha ba. Ko igwogin ne ba a ɗaure ba suka gangara gefe ɗaya? Suka rantse a ɗaure suke. Ko duwatsu ne ba a zuba isassu ba? Suka ce wurin cike yake. Daga nan ma'aikatan jirgi suka nuna magina da yatsa. Aka kira Jacobsson, ya ce shi ma'aunin da Henrik ya bari ya bi, wanda kuma sarki ya amince da shi, har ma ya ƙara faɗi daga wajensa. To Henrik yana kabari, sarki kuwa wa zai kai shi ƙara? Da aka tambayi de Groote to me ya nutsar da jirgin, sai ya mayar da sanin ga Allah. Haka aka tashi ba a hukunta kowa ba. Fleming ma gaba ya ci, har ya zama gwamnan birnin Sitokholm a 1634. Wasu suna cewa rufa-rufa aka yi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ni a ganina ko da sun so kama mutum ɗaya da wuya su same shi, domin laifin a tsakanin hannu da hannu ya faɗi, wurin da kowa yake zaton ɗan uwansa ne yake riƙe.

Vasa yana da ƙani, babban jirgi na biyu na cikin kwangilar nan, sunansa Applet, wato tuffa da harshensu. Jacobsson ne ya gina shi, kuma da yake wannan karon tun daga tushe a hannunsa yake, sai ya ƙara masa faɗi kimanin mita 1. Abin lura, an fara ginin Applet tun Vasa bai nutse ba. Ashe ke nan a cikin ma'aikatar akwai wanda ya san ciwon, ya kuma san maganin. An gama shi a 1629, ya yi wa ƙasar aiki kusan shekara 30, sannan da ya tsufa aka nutsar da shi da gangan a wata mashiga don ya tare wa abokan gaba hanyar shiga Sitokholm. A 2021 masu nutso suka gano gawarsa.

Shi kuwa Vasa, tsakanin 1663 da 1665 wasu masu ƙarfin hali suka riƙa sauka wurinsa a cikin wata ƙatuwar ƙararrawa, mutum yana tsaye a ciki yana shaƙar 'yar iskar da ta maƙale a samanta, cikin duhu da sanyi, suka fito da igwogi fiye da 50 aka sayar. Igwogin da aka yi ta rigima a kansu su kaɗai aka ci moriyarsu. Daga nan aka bar shi a ƙasan ruwa, har sai 1956 da wani mai suna Anders Franzen ya gano inda yake kwance. Ranar 24 ga Afrilu 1961 aka ɗago shi, bayan shekara 333. Ruwan Baltik ba shi da gishiri sosai, tsutsar da ke cin katako a sauran tekuna ba ta jin daɗin zama a cikinsa, shi ya sa jirgin ya fito kusan yadda ya shiga. Shekara 17 aka yi ana fesa masa wani magani don kada katakon ya tsattsage, a 1990 kuma aka buɗe masa gidan tarihi nasa na kansa a Sitokholm. Binciken da aka yi a cikinsa ya wanke ma'aikatan nan, domin an tarar da kekunan igwogin a mazauninsu, ba su gangara ko'ina ba. An kuma tsinci rula 4 ta kafintoci, 2 an yanka su da ma'aunin Suwidin mai inci 12 a ƙafa ɗaya, 2 kuma da ma'aunin Amsadam mai inci 11. Mudu biyu a kasuwa ɗaya ke nan. Da aka auna jirgin sai aka ga gefen hagunsa ya fi na dama nauyi, gefen da ya kwanta a kai.

An samu ƙasusuwan mutum aƙalla 15. Da yake ba a san sunayensu ba sai aka bi su da haruffa, aka laƙaba wa kowanne suna. Akwai wanda aka ba harafin G, ana kiransa Gustaf, har an ƙera fuskarsa an ajiye a gidan tarihin a matsayin namiji ɗan kimanin shekara 45. Sai a 2023 gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna ashe mace ce. Aka sake mata suna Gertrud, aka sake ƙera mata fuska. Shekarunta tsakanin 25 da 30 ne, mai farin gashi da shuɗin ido, ana kyautata zaton matar ɗaya daga cikin ma'aikatan jirgin ce da ta zo rakiya. Ƙashin bayanta ya nuna ta sha aikin ƙarfi a 'yan shekarun da ta yi a duniya.